Wata huɗu tsakanina da ɗakin tiyata

Ranar da likitan fiɗa ya ce ba zai yi mini aiki ba sai nan da wata uku ko huɗu, na ɗauka sallama ce yake yi mini cikin mutunci. A raina na ce shi ke nan, abin ya wuce gyara, nauyin faɗa yake ji a gaban matata. Na gyara zama na ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya. Kun ga abin nan, kun san inda yake, kun auna girmansa. Me zai hana a cire shi gobe?"

Bai amsa nan take ba. Ya jawo takarda ya zana wani bututu yana saukowa, ya zana jaka a ƙarshensa, sannan ya dangwala baƙin ɗigo daidai inda bututun ya shiga jakar. Ya ce nan ƙarin ciwon dajin yake, a mahaɗar bututun abinci da tumbi. Sai ya shiga ɗiga ƙananan ɗigogi kewaye da babban, wasu kusa da shi, wasu can gefen takarda. Ya ce, "Malam, wannan babban ina ganinsa, kuma zan iya cire shi. Waɗannan ƙananan ba na ganinsu, hoto ma ba ya nuna su. In na yanke babban gobe, su na bar maka."

Matata ta ninke takardar ta sa a jaka. Ni kuwa ban gamsu ba. Wanda aka ce masa akwai daji a jikinsa, abu ɗaya yake so ya ji, a fitar da shi.

Na yi shekaru ina fama da ƙwannafi, har na daina lissafa shi cikin ciwo. In ya taso in haɗiyi ƙwaya in kwanta. Abin da ya canza shi ne haɗiya. Da farko loma mai tauri ce take tsayawa a bayan ƙashin ƙirji, sai na kora da ruwa ta wuce. Daga baya na fara zaɓar abin da zan ci ba tare da na faɗa wa kowa dalili ba, ina tauna kamar mai ciwon haƙori, kowa ya tashi ya bar ni a zaune. 'Yata ce ta fara magana. Ta ce, "Baba, wuyan rigarka ya yi maka yawa." Da muka hau sikeli, kilo 7 sun tafi cikin wata uku, ban kuwa yi niyyar rage ko ɗaya ba.

Aka zura kyamara ta baki. Ba na tuna komai a ciki saboda allurar da aka yi mini, sai dai fuskar likitan da na farka. Ya ce ya ga wani ƙari da ya matse hanya, ya gutsuro ɗan nama daga wurare da dama an kai ɗakin gwaji. Bayan mako guda sakamako ya fito: daji ne, irin wanda yake tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina a bangon hanyar abinci. Shi ne ya fi yawa a wannan wurin, kuma yana da alaƙa da daɗewar tasowar ruwan tsami na ciki zuwa sama, wato dai ƙwannafin nan da na raina.

Makonni ukun da suka biyo baya gwaji ne a kan gwaji, kuma su ne suka fi cin raina, domin ina ganin kwanaki suna wucewa ba a ba ni ko ƙwaya ɗaya ta magani ba. Aka yi hoton CT na ƙirji da ciki. Aka yi hoton PET, wanda ake yi wa mutum allurar wani sukari mai alama, ya kwanta shiru kamar awa guda, sannan a duba inda sukarin ya taru, tunda ƙwayoyin daji sun fi sauran ƙwayoyin jiki haɗamar sukari. Aka sake zura kyamara, wannan karon mai na'urar sauti a bakinta, don a ga zurfin da ƙarin ya ci a bango. Na ƙarshe shi ne aka sa ni barci aka huda cikina wuri biyu ko uku, aka leƙa da kyamara, aka zuba ruwa aka zuƙe shi aka kai gwaji. Na tambaya me ya sa sai an huda ni alhali ga hotuna. Aka ce wannan dajin yakan watsa 'yan ƙananan tsaba a kan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, ƙanana sosai har hoto ba ya kama su, kuma in suna nan to duk shirin zai canza.

Ba su nan. A takardata aka rubuta T3 N1 M0. Likitar daji, wata mace mai magana a hankali, ita ta warware mini. T3, ƙarin ya ratsa naman bango ya kai bayansa amma bai kama wata gaɓa ta kusa ba. N1, kaluluwa ɗaya ko biyu na kusa sun kamu. M0, ba a ga komai a hanta ko huhu ko wani wuri mai nisa ba. Ta ce wannan shi ake kira dajin da ya yi nisa a wurinsa amma bai yi tafiya ba, kuma manufar magani a wannan mataki ita ce warkewa. Sai da na sa ta maimaita kalmar. Ta kuma ce akwai wani rabo da wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Siewert ya yi wa dajin wannan mahaɗa, kashi uku, gwargwadon inda tsakiyar ƙarin take: na sama da mahaɗar, na kanta, da na ƙasa da ita. Nawa na biyu ne, daidai kan iyaka, shi ya sa likitocin bututun abinci da na tumbi duka suke da ta cewa a kaina.

A wurinta ne na sake tayar da maganar a yanka kawai a huta. Ba ta lallashe ni ba, lissafi ta ba ni. Ta ce an daɗe ana yin yadda nake so, a yi tiyata kai tsaye, kuma da yawa ciwon yakan dawo. A shekarar 2006 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya, mai suna MAGIC, inda aka kwatanta waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai da waɗanda aka ba kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin tiyata da bayanta. Bayan shekara 5, kashi 23 cikin ɗari na rukunin farko ne suke raye, na biyu kuwa kashi 36. Ta ce dalilan a bayyane suke. Maganin yana bin jini ya kai ga ɗigogin nan da ba a gani. Yana rage girman ƙarin, don wuƙa ta samu wurin bi ta gefe mai tsabta ba ta bar saura ba. Sannan jikin da ba a riga an yanka ba ya fi iya ɗaukar magani mai ƙarfi. Wannan na ƙarshen ban ba shi muhimmanci ba a lokacin.

Hanya biyu ta ajiye mini. Ɗaya ana kiranta CROSS, daga wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2012: kemo mara nauyi sosai sau ɗaya a mako har mako 5, haɗe da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, sau 23, kullum ban da ƙarshen mako, sannan tiyata. Ɗayar kuma FLOT, daga Jamus, wadda aka buga cikakken sakamakonta a 2019: magunguna huɗu a haɗe, babu gashi, zagaye 4 kafin tiyata, kowane bayan mako biyu, sannan wasu 4 bayan tiyata. Ta ce shekaru da dama likitoci suna saɓani kan wadda ta fi ga mai daji irin nawa, kowa da hujjarsa, har sai da Jamusawa suka gwada su kai da kai a kan marasa lafiya 438, a binciken da ake kira ESOPEC, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024. A rukunin FLOT sai da aka kai wata 66 kafin rabinsu su rasu, a rukunin CROSS wata 37.

Na yi shiru ina juya lambobin nan. Abin da na fara ji shi ne an ba ni wa'adin wata 66. Ta lura, ta ce ba haka ake karanta shi ba: rabin mutanen sun wuce wannan adadi, cikinsu akwai waɗanda ciwon bai ƙara dawo musu ba. Ta ƙara da cewa CROSS tana nan da amfaninta, musamman ga ɗayan nau'in dajin bututun abinci mai tasowa daga fatar ciki ta sama, wanda yake jin gashi ƙwarai, da kuma wanda jikinsa ba zai ɗauki FLOT ba. Ni zuciyata da ƙodata lafiya lau, ina hawa bene ba tare da haki ba. Ta ce in na yarda FLOT za mu yi. Na dubi matata. Ta ce, "Malam, kai za ka sha wahalar, amma ni dai na ji abin da likita ta ce." Na sa hannu.

Kafin a fara aka ɗebi jinina don a duba ko jikina yana da wani sinadari da ke narkar da ɗaya daga cikin magungunan, domin akwai mutane kaɗan da aka haifa da ƙarancinsa, su kuwa maganin yana iya zame musu guba. Aka kuma dasa mini wata 'yar na'ura kamar maɓallin riga a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, mai siririn bututu da ya shiga babbar jijiya. Ta nan ake sa komai, don waɗannan magunguna suna ƙona ƙananan jijiyoyin hannu.

Ranar farko na je da tsoron abin da ban sani ba, sai na tarar yawancinta zama ne. A ɗebi jini, a jira sakamako, a hau sikeli, a ba da maganin hana amai. Sannan jaka ta farko, dosetaksel, awa guda. Sai okzaliplatin tare da lukoborin, awa biyu. Na huɗun, fuloroyurasil, ba a zaune ake shan sa ba: nas ta haɗa mini wata 'yar kwalba mai balan-balan a ciki, ta sa ta a jakar ɗamara, ta ce zai riƙa shiga a hankali har awa 24, in dawo gobe a cire. Na kwana da ita a gefena ina tsoron in juya in murɗe bututun. Kafin mu fita nas ɗin ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, daga yau kada ka sha abu mai sanyi, kada ka taɓa abu mai sanyi, sai bayan kwana huɗu ko biyar." Na ce to, ban ɗauke shi wani abu ba.

Da muka isa gida na kama marikin ƙofa na ƙarfe, sai na ji kamar lantarki ya ja yatsuna. Da dare na manta na kurɓi ruwan da ba a ɗumama ba, maƙogwarona ya shaƙe kamar na haɗiyi fasasshen gilashi, na tsaya riƙe da bango ina neman numfashi. Daƙiƙu kaɗan ne ya saki, amma ga mutumin da dama haɗiya ce ciwonsa, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Aikin okzaliplatin ke nan, yana sa jijiyoyi su ɗauki sanyi kamar wuta. Tun daga ranar komai nawa da ɗumi, har cokali sai an tsoma shi a ruwan zafi, kuma akwai safar hannu rataye a jikin firji.

Kwana biyun farko ƙarfin da nake ji na aro ne, na ƙwayoyin da ake bayarwa tare da kemo don hana kumburi da amai. Suna hana barci, suna sa mutum ya ga kamar ba abin da ya same shi. Rana ta uku suka sake ni. Gajiyar da ta sauko mini ban taɓa sanin irinta ba, barci ba ya maganinta, daga gado zuwa banɗaki sai na huta a hanya. Bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, gefen harshe ya fashe, ga gudawa. Daga rana ta takwas ko ta tara sai in fara dawowa, in samu kwana huɗu ko biyar ina jin ni mutum ne, sai kuma ranar komawa ta zo. Gashin kaina ya fara zuba a cikin mako na uku, na sa aka aske shi gaba ɗaya.

Abin da ban zata ba shi ne yadda sikeli ya zama alƙalin komai. Na ɗauka aikina shi ne in jure, likitoci su yi sauran. Mai ba da shawara kan abinci ce ta gyara mini tunani. Ta ce tiyatar da ke gabana tana cikin manya-manyan da ake yi wa ɗan Adam, kuma da naman jikina zan biya ta. Duk kilon da na bari ya tafi yanzu, zan neme shi ranar da za a ce in tashi daga gado in yi tari da ɗinki a ƙirji. Ta ce in daina jiran yunwa, domin ba za ta zo ba. In ci kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a rana, da agogo, kamar shan magani, mai laushi, mai gina jiki, a ƙara da abin sha na musamman mai kauri da suke bayarwa. Ta faɗa mini ƙarara cewa in nauyin ya ci gaba da sauka za a sa mini bututun ciyarwa, ko ta hanci ko kai tsaye cikin hanji, kuma wannan ba faɗuwa ba ce, da yawa da shi suke kai wa ga tiyata.

A nan ne muka fi samun saɓani da matata. Ita tana ganin kowace loma da na ture kamar na ture rai ne, ni kuwa warin girki kaɗai yana tayar mini da zuciya. Wata rana na ɗaga mata murya a kan rabin kofi. Ta fita ba ta ce komai ba, na jiyo ta tana kuka a ɗaya ɗakin. Na bi ta na ba ta haƙuri, muka yi yarjejeniya: ita ta ajiye ta tafi, ni kuma in shanye kafin awa ta cika, ba mai tsaya wa wani a kai. Muka sami littafi muna rubuta abin da ya shiga da nauyin kowace safiya. Mai jinya yana ɗauke da nasa ciwon, kuma ba wanda yake tambayarsa ya jiki.

Kwana tara bayan zagaye na biyu, da dare, na ji sanyi yana ratsa ni. Ba wani ciwo, sai ɗan rawar jiki. Na ce zan lulluɓa in kwanta, da safe ma gani. 'Yata ta kawo ma'aunin zafi, ya nuna 38.3. Ta ɗauko katin da aka ba mu ranar farko, wanda aka rubuta cewa in zafi ya kai 38 a taho asibiti ko ƙarfe nawa ne, kada a sha maganin zazzaɓi a kwanta. Na ce ba inda za ni a tsakar dare a kan wannan. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau ba zan bi maganarka ba." Ba ta taɓa gaya mini haka ba.

Da aka auna jini, fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun kusa ƙarewa. Kemo ba ya bambance ƙwayar daji da sauran ƙwayoyi masu saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa gashi da fatar baki da ɓargo, kuma tsakanin rana ta bakwai da ta goma sha huɗu ne jini yake kai wa ƙasa. A irin wannan hali ƙaramar cuta tana iya mamaye jini cikin awoyi. Kafin awa guda an sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Na yi kwana uku a kwance. Aka ɗaga zagaye na uku da mako guda, kuma daga nan bayan kowane zagaye sai an yi mini allurar da ke zaburar da ɓargo, wadda take sa ƙashin baya da na ƙugu su yi ta zugi kwana biyu. Ɗagawar nan ta dame ni, ina ganin an ba ƙarin hutun mako guda. Likitar ta ce jinkirin mako ba ya rushe shiri, abin da ke rushe shi shi ne a zuba magani a jikin da bai farfaɗo ba.

A cikin makon hutun nan ne wani abu ya faru. Ina cin abinci ina sauraron rediyo, sai na ankara na cinye ban nemi ruwa ba ko sau ɗaya. Na sa aka kawo mini abu mai ɗan tauri, irin wanda na yi wata huɗu ban kusanta ba. Na tauna, na haɗiye, na jira ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya wuce. Na kira matata na sake haɗiya a gabanta, muka zauna muna kallon juna.

Daga wannan farin cikin ne wani tunani ya shigo mini, na yi kwanaki ina kiwonsa ban faɗa wa kowa ba. Tunda magani yana narkar da shi, me ya sa za a buɗe mini ciki da ƙirji? A ƙara mini zagaye biyu ko uku mana ya ƙarasa narkewa. Ni da na zo ina roƙon a yanka ni gobe, ga ni ina neman hanyar guje wa wuƙar. Da na faɗa wa likitar daji, ba ta yi mamaki ba, ta ce kusan kowa yakan zo wannan gaɓar. Ta ce buɗewar hanya alama ce mai kyau, amma ƙari yana iya raguwa da rabi mutum ya haɗiye lafiya alhali sauran rabin yana nan da rai. Ko waɗanda hoto da kyamara suka nuna ba komai, in aka cire wurin aka yanka shi siriri-siriri aka duba a madubin gwaji, mafi yawansu ana samun ragowar ƙwayoyin daji a cikin bango ko a kaluluwa. Waɗanda ake tarar da ya mutu ƙurmus 'yan kaɗan ne, kuma da wannan magani ba a sanin su waye sai bayan an cire. Ta ce, "Kemon nan share fage ne. In ka tsaya a nan, ka sha wahalar ka bar amfanin."

Zagaye na uku da na huɗu sun fi na farko nauyi, domin gajiyar taruwa take yi. Jin lantarkin nan a yatsu, wanda da yake tafiya bayan kwana biyar, ya fara zama har zagaye na gaba, maɓallin riga ya fara gagarata. An riga an gargaɗe ni kada in ɓoye wannan don gudun a rage magani, tunda lalacewar jijiya tana iya zama ta dindindin. Na faɗa, aka rage okzaliplatin a zagaye na huɗu. Farcena suka yi layi-layi, ɗaya ga kowane zagaye. Ranar da aka cire kwalbar ƙarshe nauyina ya gaza na ranar farko da kilo 2 kacal, kuma a duk abin da na yi cikin watannin nan ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan.

Sai jira. Ana barin mako huɗu zuwa shida tsakanin kemo na ƙarshe da tiyata, don jini ya dawo, jiki ya iya haɗe rauni. A da zan ce ɓata lokaci ne. Wannan karon na san abin da ake so da ni. Aka ba ni wata 'yar na'urar roba da ake zuƙar iska ta cikinta don ƙarfafa huhu, safe da yamma. Na fara tafiya, ranar farko minti goma na dawo ina jiri, a mako na huɗu ina yin minti arba'in ina hawa bene hawa uku. Ɗanɗano ya dawo, na mayar da kilo biyun har da ƙarin ɗaya. Aka sa ni a kan keke na gwaji da abin rufe fuska, ina tuƙawa ana auna yadda zuciya da huhu suke ɗaukar wahala. Aka sake hoton CT. Kwana biyun da na yi ina jiran sakamakonsa ban yi barcin kirki ba, domin na san akwai waɗanda a wannan hoton ne ake ganin ciwon ya ɓulla wani wuri, a fasa tiyatar. Nawa ya nuna ƙarin ya ragu sosai, kaluluwar ta koma girmanta, hanta da huhu ba komai.

Na koma wurin likitan fiɗa, ɗakin da muka fara. Matata ta fito da takardar nan daga jaka, duk ta yi laushi saboda ninki. Ya karɓa ya ja layi biyu, ɗaya a kan bututun sama da ɗigon, ɗaya a kan jakar ƙasa da shi. Ya ce duk abin da ke tsakani zai fita, tare da kaluluwar da ke kewaye. Ragowar tumbin zai naɗe shi ya zama bututu, ya jawo shi sama cikin ƙirji ya ɗinke da abin da ya rage. Zai shiga ta ciki, sannan ta gefen dama na ƙirji, a kwantar da huhun dama na ɗan lokaci. Bai ɓoye mini haɗarin ba: ɗinkin yana iya yoyo, huhu yana iya kamuwa da cuta, shi ya sa washegari za a tashe ni tsaye ko ina so ko ba na so. Ya ce daga nan har ƙarshen rayuwata kaɗan-kaɗan zan riƙa ci, kuma ba zan ƙara kwanciya shimfiɗe ba sai da kai a sama, domin ƙofar da ke hana abin ciki tasowa tana cikin abin da za a cire.

Na tambaye shi zagaye huɗun da suka rage. Ya ce sai na warke, kuma sai an ga abin da madubin gwaji ya nuna. Ya ce a binciken da ya kafa FLOT, kusan kowa ya gama na kafin tiyata, amma waɗanda suka iya gama duka takwas ba su kai rabi ba. A nan ne maganar likitar daji ta ranar farko ta dawo mini, cewa jikin da ba a yanka ba ya fi ɗaukar magani. Da an bi son raina an yanka ni tun farko, mai yiwuwa da ban samu ko zagaye huɗun nan cikakku ba.

Daren da za a shiga da ni, nas ta kawo abin sha mai zaƙi ta ce shi ne na ƙarshe sai wanda za a ba ni da asuba, daga nan ba komai. Likitan da zai sa ni barci ya zo ya duba bayana inda zai sa siririn bututun kashe zafi. Matata ta tattara kayana, ta bar mini na'urar numfashi a kan durowa, ta ce in ƙara zuƙa goma kafin in kwanta. Na yi goman tana tsaye tana ƙirgawa. Da ta tafi na buɗe littafinmu na rubuta nauyin ranar a layin ƙarshe na shafin, na ajiye shi inda za ta gani da safe, na kashe fitila.